Bauri, Ɓera da Mazauna Hanji



Da farko muna miƙa godiyarmu ga shugabannin ƙungiya saboda wannan dama da suka ba mu. Mun sani akwai waɗanda suka ga kan maganar a allon sanarwa suka yi murmushi, suka ce ashe yau har hanjin ɓera ya sami lacca. To, ya samu. Amma bari mu faɗi dalili tun kafin na baya su fara sulalewa.

Duk wanda ya taɓa zaman jiran mota a tasha ya san mai maganin nan da ke ɗaura lasifika a kan tsohuwar motarsa. A da, hujjarsa ita ce gadon gidansu ne, tun kaka da kakanni. Yanzu ya ƙaro sabuwa: sai ya ɗaga wata takarda sama, ya ce masana a Turai sun gwada sun tabbatar. Irin wannan magana ce kuma ke yawo a wayoyinmu dare da rana, yau ganye kaza na wanke hanji, gobe ɓawon kaza na kashe miyagun ƙwayoyi ya bar nagari. Abin mamaki shi ne, idan mutum ya bi sawun maganar, sau da yawa zai tarar lalle an yi gwajin. Sai dai a kan ɓera aka yi shi, cikin keji, na 'yan makonni. Da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a wannan ɗaki su ne gobe za su riƙe tebur a ma'aikatar lafiya, ko ta aikin gona, ko ta ciniki, a kawo musu fayil mai ɗauke da irin wannan takarda, a ce su sa hannu. Wanda bai iya rarrabe abin da ɓera ya faɗa da abin da aka laƙaba masa ba, zai sa hannu a kan abin da bai sani ba, kuma talakawa ne za su haɗiya. Saboda haka muka ga ya dace mu saurari ɓeran da kansa.

Mu fara da abin da kowa ya sani. Wanda ya tauna goro, ko ya gatsi ɗanyar ayaba, ko ya kurɓi shayin da ya daɗe a buta, ya san abin da Bahaushe ke kira bauri: baki ya bushe, harshe ya yi kaushi kamar an goge shi da tsumma. Abin da ke faruwa shi ne, akwai wani sinadari a cikin waɗannan abubuwa da ake kira tanin, wanda ke cafke furotin ɗin da ke sa miyau santsi, ya dunƙule shi. Majemi ya san wannan aiki tun ba a gina jami'a ko ɗaya a ƙasar nan ba. Yakan daka bagaruwa ya jiƙa, ya tsoma fata a ciki, tanin ɗin bagaruwar ya kama furotin ɗin fatar ya ɗaure shi tam, har ƙwayoyin da ke ruɓar da nama su kasa cinta. Shi kansa sunan tanin, a harsunan Turai daga kalmar jima ya fito. Watau dai mai cin goro jeme bakinsa yake yi kaɗan-kaɗan, bai sani ba.

Tanin ɗa ne guda a cikin wani babban gida da masana suka yi wa suna dangin fenol. Kakan gidan, shi fenol ɗin, wani Bajamushe mai suna Friedlieb Runge ne ya fara tsamo shi daga cikin kwalta a 1834. Siffarsa zobe ce ta ƙwayoyin zarra shida na kabon, da wani ɗan reshe na oksijin da haidirojin maƙale a gefe. Da shi ne likita Joseph Lister ya fara wanke raunuka a birnin Glasgow a 1865, ya buga sakamakon a 1867, abin da ya rage mutuwar mutane bayan fiɗa ƙwarai da gaske. Mu riƙe wannan a zuci: tun asali an san gidan nan da kisan ƙwayoyi. Tsirrai suna ƙera nasu irin, wani mai zobe ɗaya, wani biyu, wani gommai a jere, kuma an ƙidaya fiye da iri 8,000. Jan zoɓo daga cikinsu yake, haka jan karan dafi da ake rina fata da shi, da launin inabi, da baurin goro da na shayi. Tsiro ba don mu yake yin su ba. Makamansa ne, da yake ba shi da ƙafar gudu: da su yake korar ƙwari da funfuna, yake kuma kare kansa daga hasken rana. Manoma sun daɗe da lura cewa akwai irin dawar da jan-baki ba su cika sauka a kanta ba. Irin nan mai wata siririyar fata ce mai duhu a ƙarƙashin ɓawon ƙwaya, cike da tanin. A lura, jan launi kaɗai ba shi ne shaidar tanin a dawa ba, kuma farfara da ƙaura da muka fi ci ba su da shi sosai.

To, ina waɗannan sinadarai suke nufa bayan an haɗiye su? Ƙiyasin da masana suka fi ambata shi ne, kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kaɗai ƙaramin hanji ke tsotsewa ya kai jini. Sauran wucewa suke yi zuwa babban hanji. Can kuwa gari ne guda, cike maƙil da jama'a. A 2016 masana uku na Cibiyar Weizmann da ke Isra'ila suka sake lissafi, suka sami cewa namiji mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da bakteriya kimanin tiriliyan 38, mafi yawansu a babban hanji, alhali ƙwayoyin jikinsa na kansa kimanin tiriliyan 30 ne. In aka tara su wuri ɗaya nauyinsu wajen giram 200 ne kawai. Wannan lissafi ya rushe tsohuwar maganar nan da ke cikin littattafai da yawa, wai sun ninka ƙwayoyin jikinmu sau 10. A nan ya kamata mu yi wa bakinmu ɗan gyara. Mun saba kiran duk wata halitta da ido ba ya gani ƙwayar cuta, wannan kuwa zalunci ne. Wadda ke mayar da madara kindirmo bakteriya ce, wadda ke mayar da kalwa daddawa ita ma bakteriya ce. Na cikin hanji su ne ke narkar da dusar da cikinmu ya kasa, su fitar da wasu sinadarai masu tsami waɗanda bangon babban hanji ke rayuwa a kansu, su kuma cike wurin zama don kada miyagu su sami masauki.

Ga tambaya ke nan. Idan aka riƙa zuba 'yan gidan fenol, masu sunan kisa, a cikin wannan gari kullum safe da yamma, wa zai ci wani?

Ba a buɗe cikin mutum mai lafiya don a leƙa, shi ya sa aka koma ga ɓera. Ba na rumbu ba, ba kuma gafiya ba. Zabiya ne, fari fat mai jan ido, jikan ɓeran nan mai ruwan ƙasa na biranen Turai. Cibiyar Wistar da ke Filadelfiya a Amurka ce ta fara kiwonsa bisa tsari a 1906, har irin ya ɗauki sunanta, wani irin kuma mai suna Sprague-Dawley ya biyo baya a 1925. Hausa ba ta cika rarrabe babban ɓera da ƙarami ba, amma a ɗakin gwaje-gwaje dabbobi ne daban, kuma maganarmu a kan babban take, sai inda muka faɗa. Amfaninsa a fili yake, domin ana iya auna kowace loma da ya ci, a tara fitsarinsa da bayan-gidansa, a kuma duba hanjinsa gaɓa-gaɓa in gwaji ya ƙare.

Amma babban makamin masu wannan bincike shi ne wanda za mu kira wankakken ɓera. A 1885 Louis Pasteur na Faransa ya yi hasashen cewa dabba ba za ta rayu ba in babu bakteriya a jikinta. Bayan shekara 10, a 1895, Nuttall da Thierfelder a Berlin suka raini ɓeran Masar na 'yan kwanaki ba tare da ƙwaya ko ɗaya ba. A shekarun 1940 James Reyniers a Jami'ar Notre Dame ta Amurka da Bengt Gustafsson a Lund ta ƙasar Suwidin suka gwanance da dabarar. Ana ciro 'ya'yan ne ta hanyar fiɗa kafin haihuwa, a sa su cikin rufaffen akwatin ƙarfe, iskar da ke shiga a tace, abinci da ruwa a turare, ko hannun mai kula da su ba ya shiga sai ta safar roba da ke manne da akwatin. Irin wannan ɓera yana rayuwa har ya hayayyafa, ko da yake wata jaka da ke mahaɗar ƙaramin hanjinsa da babba takan kumbura ta ninka ta ɗan'uwansa sau da yawa. Hikimar abin ita ce, duk abin da ɓera na kullum ya yi wankakke ya kasa, to aikin bakteriya ne.

A 1956, a Kalifoniya, Albert Booth da Floyd DeEds da abokan aikinsu suka ba dabbobi, ciki har da ɓera, wani ɗan gidan fenol mai suna kwasetin, wanda ke da yawa a albasa. Da suka binciki fitsari sai suka tarar da gutsattsarinsa, watau ƙananan sinadarai masu zobe ɗaya-ɗaya, alamar wani ya farfasa shi a hanya. Hanta ce, ko wane ne? Amsa ta tabbata a 1972, sa'ad da Griffiths da Barrow na Jami'ar Birmingham suka yi irin wannan gwaji da wankakkun ɓeraye. Gutsattsarin ba su fito ba. Ashe babban ɓangare na abin da ke kewaya cikin jini bayan an ci irin waɗannan sinadarai, ragowar cin mazauna hanji ne. Su ke fara sa hannu a akushi, jiki ya karɓi saura.

Misalin da ya fi kowanne bayyana wannan daga garken tumaki ya faro, kuma za mu ɗan daɗe a kansa domin shi ne ƙashin bayan maganarmu. A shekarun 1940 makiyaya a Yammacin Ostareliya suka shiga uku: tumaki suna kiwo lafiya, amma haihuwa ta ƙi. A 1946 masana suka ɗora laifin a kan wata ciyawa mai kama da harawa da aka shuka a makiyaya, ana kiranta kuloba. An ɗauki kimanin shekara 20 kafin a gane cewa ciyawar ba ita kaɗai ta yi ɓarnar ba. Bakteriyar tumbin tunkiya ce ke ɗaukar wani ɗan gidan fenol da ke cikin ciyawar, ta juya shi zuwa wani sinadari mai suna ikwol, wanda ke kwaikwayon istirojin, watau sinadarin da ke tafiyar da al'amuran haihuwa a jikin mace. Shi ikwol ɗin tun 1932 aka fara samunsa a fitsarin goɗiya mai ciki, kuma daga sunan doki a harshen Latin ya sami sunansa. A 1982 aka same shi a fitsarin ɗan Adam, ba da daɗewa ba kuma aka gano cewa babban tushensa a abincinmu shi ne waken suya, waken nan da ake mana awara da shi.

Nan ne ɓera ya yi aikin da ba mai iya yi sai shi. A 2003 Elizabeth Bowey da Ian Rowland na Birtaniya, tare da Herman Adlercreutz na Finlan, suka ciyar da wankakkun ɓeraye da abinci mai waken suya. Ba ikwol ko ɗigo a fitsarinsu. Sa'an nan suka ɗebo bakteriyar hanjin wani mutum da aka san jikinsa na fitar da ikwol da yawa, suka ɗura wa wasu daga cikinsu, sai ga ikwol. Suka ɗebo ta wani mutumin da ba ya fitarwa sosai, suka ɗura wa wasu, shiru kake ji. Abinci ɗaya, irin ɓera ɗaya, abin da ya bambanta kawai shi ne hanjin wa aka aro. Ga kuma inda gizo ke saƙa: kusan kowane ɓera na ɗakin gwaji yana yin ikwol, amma a cikin mutane kimanin kashi 25 zuwa 30 cikin 100 ne kaɗai ke yi a Turai da Amurka, sai kashi 50 zuwa 60 a Japan da Koriya da Sin. Saboda haka idan aka ce an ba ɓera waken suya an ga amfani kaza, tilas a tambaya ko ikwol ne ya yi aikin. In shi ne, to mutum biyu na iya zama a benci ɗaya su ci awarar mai awara ɗaya, wannan ya sami abin da ɓera ya samu, wancan ya tashi da ƙoshi kawai. Haka abin yake ga rumman. Masana a Murcia ta ƙasar Sifen sun nuna, da farko a ɓera daga baya a mutane, cewa bakteriya ce ke juya tanin ɗin rumman zuwa wasu sinadarai masu suna yurolitin, kuma akwai mutanen da hanjinsu ba ya yin su sam.

Wannan shi ne abin da bakteriya ke yi wa fenol. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Su kuma 'yan gidan fenol me suke yi wa bakteriya?

A 2004 Alexandra Smith da Roderick Mackie na Jami'ar Illinois suka tace tanin daga wata bishiya 'yar'uwar bagaruwa, suka zuba wa ɓeraye a abinci, wasu kashi 0.7 cikin 100 na abincin, wasu kashi 2, har tsawon makonni uku da 'yan kwanaki. Kafin a fara, bakteriyar da ke iya jure tanin ba ta kai kashi 1 cikin 100 na mazauna hanjin ba. Da aka yi nisa sai ta kai kimanin kashi 25 a rukunin farko, kimanin kashi 47 a na biyu. Tanin bai share garin ba, juyin mulki ya yi: wasu gidaje suka hau, wasu suka sauka. Waɗanda suka hau kuwa ba su ne nagarin da ake talla ba, domin a cikinsu har da dangin Ikolai, gidan da wasu 'ya'yansa ke sa zawo. Abu mafi muhimmanci a ganinmu shi ne ƙarshen labarin. Da aka janye tanin daga abinci, sai masu jure shi suka koma 'yan tsirarun da suke a da. Mulkin bai wuce muddin da ake ci ba.

Gwaje-gwajen da masu talla suka fi so daban suke. A 2005, a Florence ta Italiya, Piero Dolara da abokan aikinsa suka ba ɓeraye 'yan gidan fenol da aka tsamo daga giyar jan inabi, ba tare da barasar ba, miligiram 50 ga kowane kilo na nauyin jiki, har makonni 16. Daga ƙarshe Laktobasilus da Bifidobakteriya, watau dangin masu yin kindirmo da abokansu, suka shiga sahun gaba a bayan-gidan waɗanda aka ba, alhali a sauran ɓerayen wasu gidaje ne ke gaba. A 2009 kuma, a Murcia, Mar Larrosa da abokan aikinta suka ba ɓeraye wani sinadarin ɓawon inabi mai suna resberatirol, miligiram 1 kacal ga kowane kilo, na kwana 25, suka kuma jawo musu kumburin hanji da gangan a kwana 5 na ƙarshe. Nan ma waɗancan gidaje biyu suka ƙaru, dangin Ikolai ba su yi yawan da suka yi a sauran ba, hanjin kuma bai lalace sosai ba. A ƙananan ɓeraye da aka ƙibantar da abinci mai maiƙo, gwaje-gwaje biyu na 2015, ɗaya a Kanada ɗaya a Amurka, sun nuna fenol na 'ya'yan itatuwa yana yawaita wata bakteriya mai suna Akamansiya, wadda ke zaune cikin yauƙin da ke lulluɓe bangon hanji, wadda kuma sai a 2004 aka yi mata suna a ƙasar Holan.

Me ya sa a Illinois dangin Ikolai suka hau, a Murcia kuma aka danne su? Domin gida mai 'ya'ya 8,000 ba ya zama hali ɗaya, kuma cokali ba buhu ba ne. Tanin mai yawa yana jeme furotin ɗin da bakteriya ke fitarwa don narkar da abincinta, kamar yadda yake jeme fata. Yana kuma riƙe sinadarin ƙarfe ya hana ta, alhali yawancinsu ba sa rayuwa sai da shi. Laktobasilus ba ta damu da ƙarfe sosai ba, wasu 'ya'yan gidanta ma suna da makamin yanka wani irin tanin. Dangin Ikolai kuwa riga biyu suke sawa, ta wajen tana tare musu abubuwa da yawa. Bugu da ƙari, 'yan gidan fenol da dama suna zuwa hanji da ɗan sukari maƙale a jikinsu, duk bakteriyar da ta iya ɓalle shi ta sami kalaci. Abin da ya zama guba ga wannan, tuwo ne ga wancan.

Akwai dabbar da rayuwarta ta dogara ga wannan ciniki. A hamadar kudu maso yammacin Amurka akwai wani ɓeran daji da ke cin ganyen wani tsiro mai suna kiriyosot, ganyen da ke lulluɓe da ƙaro mai cike da fenol mai illa. A 2014 Kevin Kohl da Denise Dearing na Jami'ar Utah suka ba irin wannan ɓera maganin kashe bakteriya, sai ya kasa jure abincin da ya saba, ya shiga ramewa. Suka kuma cakuɗa bayan-gidan masu cin ganyen a abincin 'yan'uwansu da ba su saba da shi ba, sai waɗannan suka ƙara juriya. A 2016 suka ɗebo bakteriya masu farfasa tanin daga ɓeran dajin suka ɗura wa ɓeran ɗakin gwaji da ake ba tanin, ya fi cin abinci, alamun lalacewar hanta kuma suka ragu.

Kada kuma a ɗauka jikin dabba zaune yake yana kallo. A 1983, a Jami'ar Purdue, Haile Mehansho da Larry Butler da Don Carlson da abokansu suka ciyar da ɓeraye da dawa mai tanin. Kwanakin farko suka rame. Amma cikin kwana 3 mabubbugar miyau da ke kusa da kunne ta ninka girmanta kusan sau 3, ta shiga fitar da wani irin furotin mai cafke tanin tun daga baki, wanda ya ƙaru kusan sau 12, daga nan suka soma murmurewa. Wata dabba 'yar'uwar ɓera, hamsta, ba ta iya wannan dabara ba, tanin mai yawa yakan kashe ta. Mu 'yan Adam da irin wannan furotin muke kwana muke tashi a miyaunmu, shi ne ke dunƙulewa mu ji bauri. A Uganda kuwa, inda ake noma dawa mai tanin, an daɗe ana jiƙa ta da toka kafin a sarrafa, tokar tana karya ƙarfinsa.

'Yan'uwa, yanzu mu koma ga fayil ɗin nan da ke kan tebur. Ɓera shaida ne mai gaskiya, amma a kan hanjinsa yake ba da shaida. Shi a jakar nan ta mahaɗar hanji yake yawancin narkewar da bakteriya ke yi, mu kuwa tamu 'yar ƙarama ce. Ba shi da maɗaciya. Gaban cikinsa a shimfiɗe yake da Laktobasilus, namu ba haka yake ba. Sa'an nan, a gafarce mu, yana cin bayan-gidansa da na abokan zamansa. Watau abin da bakteriya ta farfasa yana sake bi ta cikinsa karo na biyu, kuma duk waɗanda ke keji ɗaya mazauna hanjinsu kan koma kama da juna. Ɓeraye 10 a keji 2, a maganar bakteriya sun fi kusa da shaidu 2. Duk takardar da ba ta faɗi yadda aka raba keji ba, a karanta ta da ido biyu.

Ita ma hanyar ƙidayar tana da tarko. Yawancin binciken zamanin nan ta hanyar karanta ƙwayoyin gado ake yinsa, kuma kaso yake bayarwa, ba adadi ba. In 'yan koli suka tashi daga kasuwa, kason mahauta zai ƙaru ko da ba a sami sabon mahauci ko ɗaya ba. Ko da ma ƙaruwar ta gaske ce, yawaitar wata bakteriya ba ita ce lafiya ba, sai an nuna abin da ya canja a jiki. Kumburin da aka jawo da sinadari cikin kwana 5 kuwa bai zama daidai da ciwon da mutum ya shekara 10 yana fama da shi ba.

Sai maganar gwargwado. Ƙa'idar da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar a 2005 ita ce a raba awon ɓera da 6.2 don a sami na mutum. Miligiram 50 na Florence ya zama kimanin miligiram 480 a rana ga mai kilo 60, wannan abu ne mai yiwuwa, domin an ƙiyasta mutum kan ci wajen giram 1 na dangin fenol a rana. Amma kashi 2 na Illinois, ga mai cin rabin kilo na busasshen abinci, giram 10 ke nan na tanin zalla kullum. Ba wanda ke cin haka a kwano, sai dai a ƙwaya ko a kwalba, nan ne kuma haɗarin yake. A 2018 hukumar lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta sanar cewa shan koren shayi yadda aka saba ba shi da laifi ga akasarin mutane, amma miligiram 800 ko fiye a rana na babban sinadarinsa, in aka sha shi a ƙwaya, an ga yana tayar da alamun illa ga hanta. Ko shayin kofi ma yana da nasa: tun 1975 aka nuna a Johannesburg cewa shan shayi tare da abinci yana rage sinadarin ƙarfen da jiki ke tsotsewa, domin abin da tanin ke hana bakteriya mu ma yana hana mu. Mai ciki da mai ƙarancin jini gara su bar tazara tsakanin kwano da kofi.

Adalci ya sa mu ce an gwada a mutane ma. A 2011, a Jami'ar Reading ta Ingila, an ba mutum 22 abin sha na koko, na cakulan muke nufi ba na ƙosai ba, wani lokaci mai miligiram 494 na dangin fenol, wani lokaci mai miligiram 23, makonni 4 kowanne. Mai yawan ya ƙara Bifidobakteriya da Laktobasilus, kamar dai yadda ɓera ya nuna. Wannan ya ƙara wa ɓera daraja a idonmu. Sai dai mutum 22 ne, mazauna Ingila, masu cin abincin Ingila.

Wannan kuwa ba ƙaramar magana ba ce gare mu. A 2010 Carlotta De Filippo da abokan aikinta suka kwatanta yara 14 na ƙauyen Boulpon a Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake da ganye kamar yaran ƙauyukanmu, da yara 15 na birnin Florence. Hanjin yaran Boulpon cike yake da wani gida mai suna Firebotela, gwanayen narkar da dusa, wanda ba a same shi a yaran Italiya ba. Tun da mazauna hanji ne ke fara sa hannu a zoɓo da goro da awara kafin jiki ya karɓa, to hanjin da ya tashi a kan tuwon dawa gari ne daban, mai mazauna daban. Ɓeran Wistar bai taɓa cin tuwo ba. Amma gwajin 2003 ya nuna ana iya ara masa hanjin wanda ya ci, kuma masu nazarin bakteriya da ke cikinmu sun ji yadda aka yi.

Shugaban taro, a nan za mu dakata, muna sauraron tambayoyi.